Muciya a Kan Distiributa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayarsu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tun da ga shi ina jiyo ki ta taga kina kokawa da zif ɗin akwati. Allah Ya sa ki tashi lafiya ki sauka lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direban da bai ƙoshi da barci ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can Legas, amin.

Za ki yi mamakin uban da ke rubuta wa 'yarsa wasiƙa alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shekara ashirin da shida ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake rubuta wasiƙa, adireshi a dama, gaisuwa a hagu, ga shi sai yau buƙatar ta zo kaina. Kin kuma san al'adarmu game da 'yar fari. Ba a kiran sunanta, ba a yabonta tana ji, ba a zama da ita a yi doguwar magana. Ƙannenki suka ce Yaya, ni ma na laɓe a bayansu na ce Yayarsu. Al'adar nan ta yi mini rana, don shekara goma sha ɗaya ina ɓuya a cikinta. Na ce wa Ummanku ta miƙa miki wannan yau Laraba, kada ta jira Asabar da za ki tafi. Dalilin yana ƙarshe. Kada ki tsallaka can, na san halinki da littafi.

Nasihar salla da kamun kai da yi wa Gwaggo Asabe biyayya a gidanta da za ki sauka a Legas, Ummanku ta yi miki ita har sau uku ina ji, ba ni da abin ƙarawa. Ni abin da na tara kurakurai ne, kuma mafi yawansu a mota ɗaya na yi su, wadda ke ƙofar gida yanzu haka tana ɗigar da baƙin mai a kan kwali.

Shekarar da kike aji uku na ƙaramar sakandare motar ta fara wata 'yar ƙara. Siririya ce, kamar gyare ya shiga injin ya sami wurin zama. In na tayar da ita da safe sai ta yi ta yi, kafin mu isa makaranta ta ɗan lafa. Tun ranar farko na ji ta sarai. Tsohuwar mota kamar tsohon mutum take, tana da nishinta na kullum da kowa ya sani, wannan kuwa ba ya cikinsu. Na kasa kunne na ɗan lokaci, sannan na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo. Mai karanta labarai yana bayanin rikicin wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba, na ba shi hankalina duka. Sati uku ina gyaran mota da rediyo.

To ki riƙe wannan. Duk abin da kika saba da muryarsa, injin ne, mutum ne, ko jikinki, ranar da muryar ta sauya ita ce ranar dubawa. Ni na ce sai an yi hutu, hutu ya zo na ce sai an koma.

Da ƙarar ta fi ƙarfin mai labarai sai na koma ga abin da na iya. Ina da wani littafin gyaran mota da na saya wurin masu tsofaffin littattafai a Kano, bangonsa ya cire, an rubuta shi ne don motocin ƙasashen sanyi. Na zauna da shi da jan biro kamar mai duba jarrabawa. A wani shafi an jera abubuwa bakwai da kan sa injin kuka. Na farko fanbel. Nan na tsaya, saboda shi nake gani da idona, kuma hannuna yana kaiwa gare shi ba sai na sunkuya ba. Na sayo sabo na ɗaura da kaina, na ƙuje yatsu biyu, na shiga gida ina nuna wa Ummanku baƙin hannuna kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Gari na wayewa gyare ya gaishe ni. Na canza filogai, ya sake gaishe ni. Distiributa ita ce ta shida a jerin. Daga baya na ga haka, don a lokacin ban karanta har can ba. Ni da nake dukan tebur ina ce wa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su amsa.

Ban ce ki raina littafi ba, da shi na ciyar da ku. Amma littafi yana faɗin abin da kan faru da motoci ne, bai san taki ba. Kuma in abu ya lalace, kada ki fara zargin abin da ya fi sauƙin kamawa. A makaranta ma haka muke yi, in aka fasa taga sai a kama yaron da ya fi kusa da ƙofa.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kada in zo.

Wata Lahadi bayan la'asar motar tana ƙofar gida, bonet a buɗe, injin yana aiki. Mu uku muka kewaye ta: ni, da Malam Sule abokin aikina mai koyar da lissafi, da Alhaji Bala maƙwabcinmu dillalin shanu a kara. Malam Sule ya ce famfon ruwa ne, har yana lissafa dalilai da yatsu. Alhaji Bala ya ce, "Malam, ka ƙyale ta. Mota in ta tsufa dole ta yi zikiri." Muna cikin haka kika fito daga soro da muciyar Ummanku a hannu. Kika durƙusa kika gaishe su, sannan kika ce, "Baba, in gwada wani abu?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kika tattare hijabinki kika cusa shi ta baya don kada fanka ta kama, abin da a cikinmu mu uku masu manyan riguna ba wanda ya yi tunaninsa. Kika ɗora kan muciyar a jikin injin, ɗaya bakin a kunnenki. Kika matsa da ita gaba, kika saurara. Kika sake matsawa. Da kika ɗora ta a gindin abin nan mai baƙar hula da wayoyi biyar, wanda ke raba wa filogai wuta, sai kika daɗe.

"Baba, daga nan take fitowa. Kamar wani abu ne ke juyawa a bushe a ciki."

"Ina kika koyo wannan?"

"Wurin Iya Talatu mai injin markaɗe. Haka take yi in injinta ya canza murya." Kika miƙo mini muciyar. "Ka sa kunnenka ka ji."

Na sha gaya wa kaina cewa da mu biyu ne da na karɓa. Wataƙila. Amma na ga gefen bakin Alhaji Bala ya fara motsi, ga ni da littafi a hammata, ga yarinya 'yar shekara goma sha uku da abin tuƙa tuwo. Sai na ce, "To jama'a, ku ba da wuri, Injiniyar Muciya ta iso. A kawo gari da ruwan zafi ta tuƙa mana injin." Suka fashe da dariya, Malam Sule har da riƙe ƙofar mota. Na ce, "Je ki mayar wa Ummanku kayan aikinta kafin tuwo ya yi gudaji."

Ke ma kika yi dariya, 'yar gajeriya ta ladabi, kika saki hijabinki kika shiga gida. Sunan ya bi ki. Ƙannenki suka ɗauka, unguwa ta ɗauka, har masu tallan da ke shigowa gida.

Malamin makaranta ya san yadda ake sa aji ya yi wa yaro ɗaya dariya. Ita ce dabara mafi arha a sana'armu, ko wanda bai iya darasinsa ba ya iya ta. Ban taɓa tsammanin zan kawo ta ƙofar gidana ba.

Sauran kin san shi, amma ba ki taɓa jin sa daga bakina ba, don haka ki yi haƙuri in faɗa. Ranar Asabar ce, ranar jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, wadda kika yi wata da watanni kina karatunta, kuma a Kano za a yi. Muka fito da sassafe da sauran lokaci mai yawa. A tsakiyar gadar garinmu gyaren ya daina kuka, aka koma ƙas, ƙas, ƙas, motar ta zabura sau biyu ta mutu. Tirelolin shanun da suka yi lodi bayan kasuwar Juma'a suka jeru a bayanmu suna oda. Masu kifi na bakin gada ne suka taimaka aka tura ta gefe.

Kika ce, "Baba, ko mu hau bas?"

Na ce, "Minti biyar."

Na zaro littafin daga ƙarƙashin kujera. Motocin haya suna wucewa, ana kiran Kano, Unguwa Uku, saura mutum biyu, ni kuwa ina goge kan batir da tsumma ina hura filogai. Kina tsaye da fensir biyu da rula a cikin leda, ba ki sake magana ba, don an riga an koya miki abin da ke samun mai magana. Minti biyar ɗina ya haura awa ɗaya. Daga ƙarshe muka hau bas ɗin, da muka isa an rufe ƙofa. Na yi wa mai gadi Hausa, na yi masa Turanci, na ce ni malamin makaranta ne. Ya ce, "To ai kai ka fi ni sanin doka, Malam. An raba takarda tun ɗazu."

A hanyar dawowa ba ki yi kuka ba. Wajen Garin Ɗau kika ce, "Ba komai, Baba, Allah bai nufa ba." Na karɓi maganar nan hannu biyu. Ita na maimaita wa Ummanku, ita na maimaita a ɗakin malamai, kowa ya ce haka ne, wani jinkirin alheri ne. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita. Amma ba ita ta ƙara muryar rediyo ba, ba ita ta ce minti biyar ba. Ki kiyayi jingina wa ƙaddara abin da hannunki ya yi, ko da wanda kika cuta ne ya miƙo miki maganar don ya rufa miki asiri. Kuma in abu ya mutu miki a hanya, ki fara duba wanda kika ɗauko. Mota tana iya kwana a bakin gada. Ta kwana ma, har kwana biyu, ba wanda ya ga abin sata a jikinta.

Ranar Litinin aka ja ta zuwa garejin Malam Ilu a Sabon Gari. Ba ki san shi ba, wani tsohon bakanike ne mai ƙarancin magana, Allah Ya jiƙansa. Bai tambaye ni ra'ayina ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Ya ɓalle hular distiributa ya kife ta a tafin hannunsa, sai ga garin tagulla da gutsuren rota, ɗan abin nan da ke juyawa a ciki yana miƙa wuta. Ya kama sandar da rotar ke zaune a kai ya girgiza, tana lilo kamar haƙorin tsoho.

"Tun yaushe take kuka?"

"An kwana biyu."

"Kwana biyun kalanda, Malam, ko na gaisuwa?"

"Wata uku."

Ya gyaɗa kai. Ya ce inda sandar ke juyawa ne ya bushe, shi ne kukan da nake ji. Ta ci wurin zamanta har ta sami filin rawa, rota ta dinga dukan hula har ta fashe. Ya nuna mini wani ɗan ƙyalle a kan sandar, ya ce da a satin farko an ɗiga mai a nan da ƙasa, da wataƙila yau muna gaisawa ne kawai. "Mota ba ta tafiya ba sallama," in ji shi. "Wata uku tana yi maka sallama."

Na ce to yaya mutum zai gane daga ina ƙara take, injin duk ƙara ne. Ya ja ni wurin wata mota da ke aiki, ya ɗauko dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a jikin distiributarta, ya manna mini ƙotar a kunne. Yayarsu, sai na ji cikin injin kamar an buɗe mini ƙofar ɗaki. Kowane ƙarfe da muryarsa daban. Ya ce, "Kunne ne bakanike, hannu ɗan aike ne."

Na ce, "Da itace ma ana yi?"

"Itace ya fi ma. Ba ya ɗauko maka wuta."

Na ce Allah Ya saka da alheri, na koma bakin benci na zauna.

Da na dawo gida Ummanku tana madafa. Ta ce me aka gano. Na ce distiributa ce. Ta ce wace ce kuma distiributa. Na ce abin nan mai baƙar hula da wayoyi. Ta ce, "Au, wanda aka faɗa maka." Na ce wa ya faɗa. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tuƙin tuwonta. Kina tsakar gida kina wanke wa ƙannenki kayan makaranta, taku goma tsakaninmu. Na tsaya, na ce a raina ai ba a yi wa 'yar fari irin wannan magana, kakanninmu ba su yi ba. Na wuce ɗaki. Kakanninmu ba su san da distiributa ba, amma na jawo su cikin maganar, kuma ba su da bakin musu.

Kika shiga makarantar jeka-ka-dawo ta nan gari, wadda ɗakin gwajinta ba shi da komai sai kujeru da ƙadangaru. Kika yi wahalar da da ba sai kin yi ba, har kika sami shiga jami'ar nan tamu kika karanci injiniyanci. A duk shekarun nan ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, ba ki taɓa fasa gaishe ni ba. Abu ɗaya kika daina, gaya mini abin da kika ji. Ya makaranta? Lafiya lau. Ya jiki? Lafiya lau. Zazzaɓin da ya kwantar da ke lokacin jarrabawar aji biyu, a bakin Ummanku na ji. Neman aikin nan na Legas, sai da aka kira ki na sani. Ranar da kuka gama, mutane suna ba ni hannu suna cewa gado ta yi, 'yar malam ce, ni kuma ina gyaɗa kai. Alhaji Bala har yana bugun ƙirji wai mu muka fara kiranta Injiniya.

To ga abin da ya kamata in faɗa a tsakar gida ranar nan. Ke ce da gaskiya. Distiributa ce, kuma abu ne ke juyawa a bushe, kamar yadda kika ce. Makarantar nan ba Allah ne kaɗai bai nufa ba, ni ma na sa hannu. Ki yafe mini. Na san ba a saba uba ya roƙi wannan ba. Ba a saba yarinya ta gano ciwon mota da muciya ba ma, amma an yi.

Inda za ki, na ji an ce ku biyu ne mata a cikin masu kula da injinan masana'antar. Za ki haɗu da irina da yawa, wasu da digiri, wasu da furfura, wasu da duka biyun. Ranar da kika ji abin da ba su ji ba, wani zai nemi aji ya yi miki dariya. Kada ki taya su. Dariyar ladabin nan da kika yi mini ita ta ba ni izinin rufe bonet. Ba sai kin yi rashin kunya ba. Ki tsaya inda kike, ki sake miƙa muciyar, ki ce ya sa kunnensa. In ya ƙi, ki rubuta abin da kika ji ki kai inda ya kamata. Wata rana kuma ke ce za ki zama babba, littafi a hammata, mutane suna kallo, wani ƙarami ya ce miki daga can take fitowa. Ki karɓa ki saurara. Ko bai yi daidai ba, ba abin da ya ragu a jikinki.

Sai maganar waya. In na kira na ce ya gari, na san za ki ce lafiya lau, haka aka koya mana duka, ko mutum yana kan gadon asibiti. Ki faɗe ta, gaisuwa ce. Amma zan sake tambaya a karo na biyu, kuma zan yi shiru in jira. Na tsufa da koyon sabon abu, sai dai wannan zan gwada.

Ga dalilin da ya sa na ce a ba ki takardar yau. Sati biyu ke nan motar ta fara wata sabuwar ƙara. Ba gyare ba ne wannan karon, ta fi kama da mai tauna aya a hankali, kuma ta fi fitowa in injin ya yi zafi. Ban kunna rediyo ba. Gaskiya dai rediyon ta lalace tun bara, kada in ci yabon da ba nawa ba. Amma ban buɗe littafi ba, ban kira majalisa ba. Malam Ilu ba ya nan, masu gyaran yanzu kuwa sai sun jona wa mota kwamfuta, tamu ko inda za a jona ba ta da shi. Kuma ita ce za ta kai ki tasha a Kano ranar Asabar, ta kan gadar nan dai.

Gobe bayan an karya zan tayar da ita a ƙofar gida, in bar ta ta yi zafi, in buɗe bonet in koma gefe. Na roƙi Ummanku aron muciya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a dawo mata da ita kafin azahar. In kin fito, abin da kika ce shi za a yi. In kin ce kada ta hau titi, ba za ta hau ba, bas za mu shiga tun da sauran lokaci, ni zan riƙe akwatin. In kuma ba ki fito ba, ba zan ga laifinki ba, na taɓa korar ki daga wurin. Zan dai tsaya har injin ya huce.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki. Ya kiyaye hannunki daga ƙarfe, mayafinki daga fanka, zuciyarki daga girman kai irin na ubanki. Ya sa ki gama da duniya lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye.

Allah Ya yi miki albarka, Rukayya. Ga shi na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Mahaifinki.